Kifi Mai Kwalli

A bakin ruwan Gaya, inda sarkawa ke sauke kifi, akwai wata kalma da baƙo zai ji ya rasa gane kanta. In masunci ya fara labarin giwan ruwan da ta kuɓuce masa, wadda wai ta kai tsawon kwalekwale, sai wani ya ce, "Kai, bar muna murjani." In dillali ya rantse kifinsa na safiyar yau ne alhali ido ya riga ya faɗa, sai a taɓe baki a ce murjani ne. Ko'ina a ƙasar Hausa murjani jan dutsen wuya ne mai tsada, wanda mata ke gada daga iyayensu. A nan kaɗai yake nufin ƙarya. Matar da aka ɗora wa wannan kaya kuwa tana nan da ranta, kullum tana bakin murhun bandarta.

Sunanta Ajuma, kuma duk wanda ya ce mata Hajiya Murjani a gabanta, to ya tanadi kunnen jin amsa. Doguwa ce, baƙa, mai kakkaurar murya, hannuwanta duk tabon ƙayar kurungu. 'Yar sarkawa ce gaba da baya, ta iya iyo tun kafin ta iya ɗaura zane. A gida Dendanci ake yi, Hausa ta kasuwa ce, amma in faɗa ya tashi da duka biyun take yi, ta ƙara da Zabarmanci in abokin faɗan bai ji da kyau ba. Abu ɗaya aka san ta da shi tun tana budurwa: ba ta ƙara gishiri a magana. In kifinta ya kwana za ta ce ya kwana, ka saya ko ka bari. Ba ta da gona, ba ta da saniya, abin da ta mallaka a duniya shi ne in ta faɗi magana a yarda.

Da mijinta Yakuba ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, Zuliha, sai ta ajiye yarinyar wurin tsohuwarta, ta bi ayarin wasu mata zuwa Umara, ta ƙi dawowa, kamar yadda da yawa suka yi a lokacin. Ta sauke farali, sannan ta kama wanke-wanke da raino a gidan wasu Larabawa a Jidda. Ba ta cika son labarin shekarun nan ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gari yana bakin teku, amma sai ta shekara ba ta ga ruwan da ya fi na bokiti ba.

Wata Juma'a masu gidan suka kwashi yara zuwa wani wurin hutu a arewacin gari, inda aka kafa doguwar gadar katako ta shiga cikin teku. Aka bar Ajuma da tsaron takalma da kwandon abinci. Da rana ta take kowa ya gudu inuwa, yaran suka yar da gilashin da suke ɗaurawa a fuska don leƙa ƙarƙashin ruwa. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ruwa na kiran ɗiyar sarkawa, wa zai riƙe ta? Ta ɗaura gilashin ta sulale ciki da rigarta da komai.

Kwara, kogin garinsu, ruwa ne mai launin kunu, a cikinsa da hannu ake gani. Wannan kuwa garau yake har ƙasa. Ta ga duwatsu masu rassa kamar itacen da ya kaɗe ganye, wasu kamar danƙaren citta, sun haɗu sun yi katanga ta gangara inda ido ba ya kaiwa. Kifaye iri-iri suna ta kai da komowa, rawaya, shuɗi, masu zane. Amma wanda ya kama zuciyarta ɗan mitsitsi ne, bai fi yatsa ba. Launinsa na ɓawon albasar Galmi, sai dai ya fi shi ƙyalli nesa ba kusa ba. Daga bakinsa wani baƙin layi ya ratsa ta ido, sak kwallin amarya. Ba ya cikin garke. Shi kaɗai yake tsaye a ƙofar wani ɗan rami a jikin dutsen, in ta matso ya shige, in ta ja da baya ya leƙo ya dube ta. Ta taso ta shaƙi iska ta koma, ta sake tasowa ta sake komawa, yana nan. Sai ta ji ƙwalla ta cika mata gilashi, don tun zuwanta ƙasar ba wanda ya tsaya ya dube ta ido cikin ido sai wannan ɗan kifi.

Ta fito da yanka a tafin hannu, uwar gida ta yi ta faɗa, ko a jikinta. Ta tambayi direban gidan, wani dattijon Basudane, sunan dutsen da ya yanke ta. Ya ce marjan. Ta ce, murjani? Ya ce shi fa. Sunan kifin kuwa ya ce bai sani ba, su dai ba sa cin sa.

Ba a jima ba zaman ya ƙare mata, aka maido ta gida da jaka ɗaya. Ran da ta sauka Gaya gidan ya cika da 'yan barka da zuwa, cikinsu har da Bawa, ƙanin marigayi mijinta. Bawa masunci ne na gani na faɗa, kuma bakinsa ya fi komarsa kamu. Tsakaninsa da Ajuma akwai wasan ƙanin miji, irin wanda al'ada ta ce duk abin da ya faɗa ba a fushi.

"Matarmu," ya ce, "labarin Makka mun ji. To ruwansu fa? Da kihi, ko sai raƙuma?"

Ajuma ta gyara zama. Wannan labari ta ɓoye shi a rai kamar tsaraba, kuma ga mutanen da ya kamata su ji shi, mutanen ruwa. Ta faɗi tsawonsa, ta faɗi launinsa, ta faɗi kwallin.

Bawa ya ce, "Ina yake kwana, wanga kihi?"

Ta ce, "Cikin murjani."

Mata suka kai hannu wuya, kowacce tana taɓa tsakiyarta, wato dutsen wuyanta. Bawa ya miƙe a hankali, ya zare murjanin wuyan matarsa, ya kama ƙwaya ɗaya ya kai ido, yana leƙa ɗan hujin da zare ma da ƙyar yake shiga.

"Salamu alaikum! Mai gida na ciki? Hito mu ga kwallin!"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Ajuma ta ɗaga murya ta ce murjanin can ba tsakiya ba ne, dutse ne mai rai, a ƙarƙashin ruwa yake tsirowa. Da ta sani ta yi shiru, don wannan ya fi na farko ba su dariya.

"Dutse na tsiro, kihi na sa kwalli," in ji Bawa. "Saura ki ce muna yana ƙunshin lalle. To ji nan. Tarwaɗa, ƙarfasa, minjirya, talibambam, babu wanda ubana bai gaya min sunanshi ba. Mi sunan naki?"

Ajuma ba ta san sunansa ba, kuma a wurin sarkawa kifin da ba shi da suna babu shi.

A yi wa Bawa adalci, ba mugunta ya nufa ba. Wargi ne, wuri ya samu. Kafin mako ya zagayo labarin ya ƙetara gada ya kai Malanbil, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun tafi da shi Doso. Da Ajuma ta yi dariya tare da su ta ce mafarki ta yi, da maganar ta mutu kafin ruwa ya janye. Amma ba a haife ta da wannan halin ba. Washegari ta ciro murjanin da uwarta ta bar mata, wanda ba a sawa sai biki, ta rataya shi ta tafi bakin murhu, kuma tun daga ranar ba ta sake cire shi ba. In mai saye ya yi mata murmushin tsokana, ita za ta fara tayar da zancen.

"Eh, na gan shi," za ta ce. "Kai da iyakar duniyarka Kamba, mi ka sani? Ɗauki kihinka ka ba ni wuri."

A fili haka take, kamar abin bai dame ta ba. Sai ran da wasu mata biyu suka yi rigima kan kwandon banda da aka musanya wajen lodin mota. Ajuma tana tsaye aka yi, ta ga wadda ta ɗauka. Da aka taru gaban shugabar mata masu banda, ta miƙe za ta faɗi abin da ta gani, sai mai laifin ta riƙe ƙugu ta ce, "Da shaidar Murjani za a kama ni?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Shugabar, wadda tare suka yi wasan ƙasa, ta kawar da kai ta ce, "Hajiya, zauna dai, bari mu nemi wani." Ajuma ta zauna. Ba ta yi kuka a gabansu ba, amma ranar ta san abin ya wuce wasa, an raba ta da abu ɗaya da take da shi.

Shekaru suka tura. Zuliha ta girma, ta auri wani direba mai zuwa Kwatano, ya sayo mata portabul, wato wayar hannu, mai shafawa. Wata la'asar ta zo bakin ruwa da shi a hannu, ta ce yau za a raba gardama. Da ɗan Faransancin da ta tsinta a lakwal, makarantar boko, ta rubuta ƙaramin kifin teku mai kala. Reso, wato sabis ɗin waya, ya yi ta jan ƙafa, can sai hotuna suka zubo. Mutane suka yi cincirindo, kai bisa kai. Ga wani rawaya mai faɗi, ga wani ja mai farin ɗamara, ga wani shuɗi. Masu cewa ikon Allah na yi, masu cewa ai na'ura ce ke zana su na yi.

Ajuma ta karɓi wayar ta kai kusa da fuska. "Ba shi ba ne. Wuce."

Zuliha ta wuce.

"Wanga ya yi faɗi. Wanga kuma garke gare su, nawa shi kaɗai yake. Wuce."

Aka yi ta wucewa har mutane suka fara gajiya. Zuliha ta sunkuyo ta raɗa mata da Dendanci, "Inna, don Allah ki nuna ɗaya. Ga wani nan shuɗi-shuɗi, wa zai sani?"

Ajuma ta amsa da Hausa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ni zan sani."

Bawa da ke gyaran koma a gefe bai ko ɗago kai ba. "To kun ji. Portabul da ya san komai, shi ma bai san kihin matarmu ba."

Aka watse ana dariya. A hanyar gida Zuliha ta fashe. Ta ce a lakwal ana kiran ɗiyarta jikar Murjani, ta ce ita ta gaji da wannan kifi da ba a ci ba, ba a sayar ba, sai jawo musu abin faɗa. Ajuma ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Yanzu suna ce min maƙaryaciya, amma ban yi ƙarya ba. In na nuna wanda ba shi ba, ranar ce zan zama abin da suke faɗi." Zuliha ba ta gamsu ba, kuma gaskiya ita ma Ajuma maganar jikar ta soke ta, ta kwana biyu tuwo ba ya wuce mata.

Daga nan sai ido ya fara. Duk mai banda ta san hayaƙi ba ya barin ido lafiya. Da fari kamar hazo, sannan yanar ido ta rufe na hagu, na dama ya bi sahu. An kai ta likita, aka ce zuwan ya yi latti. Ba ta bar aiki ba, da hannu take juya kifi, da hanci take sanin ya yi. Duhu bai ba ta tsoro ba. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ko da yau wani ya kawo hoton kifin na gaskiya, ba ta da idon da za ta ce shi ne. Ƙofa ɗaya da ta rage mata tana rufewa, kuma ta sani.

Bawa ma ya tsufa. Wata safiya ya tarar da ita tana lalube tana neman kwanon da ke gaban ƙafarta, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya tura mata shi da sandarsa ya wuce. Tun ranar bai sake tsokanar ta ba. Sai dai kalmar ta riga ta yi ƙafafu, yaran da ba su san mafarinta ba ma suna faɗin ta.

A shekarar ɗansa da ke fataucin albasa ya biya masa Makka. Ana jibi zai tashi, Ajuma ta sa Zuliha ta ja ta har ƙofar gidansa.

"Bawa, ban zo roƙon tsaraba ba," ta ce. "In ka sauka Jidda, ka tahi bakin teku ta arewa, ka nemi gilashi ka sa kanka cikin ruwa. Kai masunci ne. Ka duba ramukan dutse, ba tsakiyar ruwa ba."

Ya ce in Allah ya yarda. Ita da ta zauna can ta san yadda ake kora alhazai daga jirgi zuwa mota, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Duk tsawon tafiyarsa da wannan fata take kwana take tashi.

Ran da ya dawo, gida ya cika maƙil, ana raba dabino da zamzam. Aka zaunar da Ajuma a tabarmar mata. Can sai ta ji muryar Bawa ya ce a yi shiru.

"Jama'a, ku shaida," ya ce. "Na tahi bakin teku, na sa kaina cikin ruwa, kuma na gan shi. Bai fi yatsa ba. Launinshi na ɓawon albasar Galmi. Ga kwalli ya ratsa ido. Shi kaɗai, a ƙofar raminshi, cikin murjani. Matar yayana ba ta taɓa yin ƙarya ba, ni ne na zalunce ta."

Wuri ya ɗauki salati. Zuliha ta rangaɗa guɗa tana kuka. Ajuma ta ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinta ya narke. Yau za ta koma mutum cikin mutane, yau jikarta za ta huta.

Sai dai kunnenta ya kama wani abu da ta so a ce bai kama ba. Maganar da Bawa ya yi tata ce, kalma bayan kalma, yadda ta saba jera ta. Ta san masunta. Ba a taɓa yin masuncin da ya ga sabon kifi da idonsa ya kasa ƙara ko abu ɗaya nasa ba, balle Bawa. Zuciyarta ta ce mata yi shiru ki karɓa. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma bakinta ya riga ta.

"Alhaji, sannu da hanya," ta ce. "To ka ga ɗan farin ɗigon nan da ke wutsiyarshi?"

"Na gani," Bawa ya amsa da sauri. "Fari fat."

"Ba shi da ɗigo," in ji Ajuma.

Zuliha ta matse mata hannu har ya yi zafi. Bawa ya taso ya durƙusa a bakin tabarmar, ya rage murya, amma kowa na ji.

"Ajuma, ki karɓa mana. Ni na ɓata, ni ke son in gyara kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu."

"Ƙurar Arfa ba ta bar ƙafarka ba, za ka yi ƙarya saboda ni? Ba a wanke zane da ruwan kwata, Alhaji. Gaya musu abin da ka gani."

Bawa ya juya wajen jama'a. Da ya buɗe baki muryar ta tsoho ce sosai.

"Ban gani ba. Daga jirgi sai mota. Tekun ma ta taga na hango shi."

"Madalla," in ji Ajuma. "Wannan na karɓa, kuma na yafe maka na baya. Kai ba ka gani ba, ni na gani. Haka za mu tahi da shi gaban Mai Sama."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce ya yarda. Ta san ta mayar da abin da ta shekara da shekaru tana jira, kuma ba za a sake kawo mata shi ba. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Zuliha ta kama hannunta tana shessheƙa, suka ratsa mutane zuwa ƙofa.

"Share hawayenki ki duba muna hanya," Ajuma ta ce mata. "Cikinmu ke ce mai ido."